Tumun Gindin Gawo

Da sunan Allah nake fara wannan babi, shi nake roƙo ya tsare hannuna daga ƙari da ragi. Na san irin wannan rubutu tsofaffi ke yin sa, ni kuwa ko furfura ɗaya ba ni da ita. Amma abin da ya same mu bana ya koya mini kada in ajiye magana sai na tsufa. Ke nake rubuta wa, ke da kike barci a bayana yanzu da yatsa a baki. Ke ce 'yar farina, kuma za ki tashi ki ga yadda muke: ba zan kira sunanki ba, ba zan zaunar da ke in ba ki labari ba kamar yadda zan ba ƙannenki in Allah ya kawo su. Shi ya sa na ɗauki biro. In kin girma za ki ji wasu na cewa Baba, mahaifina, ya ɓata geronsa saboda shagwaɓar ɗiya. Wasu kuma za su ce miki a ranar na warke sarai. Duka biyun ba haka ba ne, ga yadda aka yi.

Ƙauyenmu yana bayan Rawayya, a ƙasar Bungudu. Mutane da yawa in an tambaye su lokutan shekara sai su ce damina da rani, su ɗan tuna da sanyi, kaka kuwa su ɗauke ta kamar zaure, wurin da ake bi a wuce. A gidanmu ba haka muka ɗauke ta ba. Kaka tana da iskarta da ƙamshinta, har da irin tata gajiyar. Ruwa yakan ja da baya, hadari ya haɗu da la'asar, ya yi ta gunaguni can nesa, ya watse bai zubar da komai ba. Da safe raɓa ta jiƙa miki zane har gwiwa, da hantsi rana ta buɗe da wani zafi busasshe mai nuna hatsi. Shamuwa ta fara tara 'ya'yanta za ta tafi. Gawo kuwa, wanda ya yi damina duka tsirara kamar mai fushi da ruwa, sai ya fara fitar da ɗanyen ganye shi kaɗai. Baba yana da wani babban gawo a tsakiyar gonarsa ta gado, geron gindinsa kullum shi ke riga na ko'ina ƙosawa, saboda takin ganyen da na dabbobin da ke wuni a inuwarsa da rani.

A gidanmu ba a sa sabon gero a baki sai an ci tumun gindin gawon nan. Tumu, in kin tashi a birni ba ki san shi ba, zangarniyar gero ce da ta ƙosa amma ba ta bushe ba, a babbaka ta a wuta, a murje, a ci da zafinta. Kuma ba kowa ke yanko ta ba. Babbar ɗiya mace ta gidan ce ke shiga da wata 'yar wuƙa mai baƙar ƙota, ta yanko, ta gasa, ta fara miƙa wa mai gida, sannan kowa ya ci. Liman ya taɓa ce wa Baba wannan ba addini ba ne. Baba ya ce ya sani, shi ma bai ce addini ba ne, haka dai ya taras ubansa na yi. Gwaggo Hassi, yayar Baba, ita ta riƙe wuƙar tun tana budurwa har gwiwoyinta suka gaza, ta miƙa mini ina 'yar sakandare. Ƙa'idar ɗaya ce: wuƙar ba ta barin hannun mai ita sai ta miƙa da kanta a bakin gona, ko kuma ta mutu. Ko da na yi aure aka kai ni wani ƙauye a ƙasar Tsafe, duk kaka sai na zo na yi aikina.

Ni ma 'yar fari ce. Tun da nake ban taɓa jin sunana, Sa'a, a bakin Baba ba. Gwaggo aka ba ni tun yaye, saboda haka “ɗiyar Hassi” yake ce mini. Ko ina tsaye a gabansa sai ya juya ya ce, Hassi, ce ma ɗiyarki kaza, ni ma in ce, Gwaggo, ki ce mishi to. Inna ma haka, sai dai ita takan tura mini kwano da ƙafa tana kallon wani wuri, in buɗe in ga ta ɓoye mini nama a ƙarƙashin tuwo. Kada ki ɗauki wannan rashin so. Ki riƙe shi a ranki, don ba za ki fahimci sauran ba sai da shi.

Abin da ya faru a ƙauyen babanki zan faɗe shi a taƙaice, don har yanzu ba na iya daɗewa a kansa. Tsakiyar damina ce, ranar kasuwar Tsafe, babanki ya tafi sayen katako, don kafinta ne. Ina wanke-wanke da hantsi na ji ƙarar babura da yawa a tare, sai harbi. Na sungume ki ko goyo ban tsaya yi ba, na tsallake dangar bayan gida na faɗa cikin gero. Geron ya fi ni tsawo nesa. Na kwanta rub da ciki, ke a ƙarƙashina, tafina a bakinki. Ba na ganin komai sai kara da ƙasa. Duk lokacin da iska ta kaɗa ganye sai in ce ga shi nan, ya taka ni. Sau ɗaya kuwa ba iska ba ce, na ji numfashin mutum da warin fetur suka gifta. Haka muka wuni har rana ta karkata. Allah ya tsare mu, bai tsare kowa ba a garin, kuma ba zan lissafa su a nan ba. Bayan an yi jana'iza babanki ya kwashe mu zuwa Gusau, muka kama ɗaki a Damba.

A Damba na zama wata iri. Gari ne mai babura, kowane ɗaya ya wuce sai in jawo ki jikina. Wani maƙwabci ya shuka masara a ɗan filin da ke bakin layinmu, na daina bin wajen, sai in zagaya ta bayan masallaci in je famfo. Matan gidan suna da kirki, ba su taɓa yi mini dariya a gabana ba. Ban ma san damina ta ja baya ba. A birni kaka ba ta sallama, sai dai ki ga dafaffiyar gyaɗa ta yi arha a kan faranti.

Ina cikin haka Lawali ya zo. Lawali ɗan Gwaggo ne, magidanci mai mata da 'ya'ya, amma tunda shi ɗan mace ne ni ɗiyar namiji, abokin wasana ne, bawana nake ce mishi. Tun daga ƙofar gida na ji muryarsa.

“Salamu alaikum. Ina uwar ɗakina, matar birni? Bawa ya zo gaisuwa.”

“Bawan kirki da tsaraba yake zuwa,” na ce, ina shimfiɗa mishi tabarma. “Mi ka kawo min?”

“Yunwa na kawo miki, ita ɗai ta rage garinmu. Kai, na yi ƙarya, garinmu an ƙoshi. Gidanku dai.”

Ya sha ruwa, ya ɗauke ki yana cilla ki sama yana cewa kin fi uwarki kyau, sannan ya ba ni labari. Rumbun Baba ya ƙare tun kafin ruwa ya ɗauke, don ya ɗibar wa dangin da suka gudo wurinsa. Gari duka an shiga sabon gero, turmi na amsa turmi.

“Har awakin Liman sun ci sabo,” in ji Lawali. “Gidan Kawu ko sai garin rogo da tafasa. Ƙannenki wuyansu ya yi tsawo kamar na balbela.”

“Shi ya aiko ka?”

“Kin san Kawu. Da ya aiko a kira ki gara ya ci ƙasa. Shekaranjiya dai ya tsaya ƙofar ɗakin tsohuwata ya ce, Hassi, tsuntsaye sun fara sauka gindin gawo. Ya wuce abinsa. Ita ko ta ce in tahi Gusau in gaya miki tsuntsaye sun fara sauka.”

Na yi niyyar in mayar mishi da wasa, amma da na tuna gawon a tsakiyar gona yake, sai an ratsa gero kafin a kai gare shi, kofin da ke hannuna ya faɗi. Lawali ya dube ni, ya ajiye ki a hankali, ya sauke murya. Ban taɓa jin ya yi mini magana ba da zolaya ba sai ranar.

“Sa'a, ba dole. Ki zo dai ki miƙa ma Jamila wuƙar a bakin gona, ki juyo. Ba sai kin shiga ba. Ba wanda zai ce miki don mi.”

Jamila ƙanwata ce mai bi mini, tana aure a nan cikin gari. Da yamma na gaya wa babanki. Ya goge ƙurar katako daga gashin hannunsa, sannan ya ce in na je don in miƙa wuƙa na yi daidai, in na ji ba zan iya tafiyar ba ma shi zai je ya ba Baba haƙuri. Na ce zan je. A raina kuwa na gama yanke shawara: in miƙa, in dawo, in rabu da gero har abada.

Mota ta sauke mu a Rawayya. Na ce ba zan hau babur ba, Lawali ya ce ya sani, ya bar amalankensa da shanu a gidan abokinsa. Hanyar ƙauyenmu dawa ce dama da hagu, ta yi tsawo ta sunkuyo. Na ja mayafi na rufe fuskata, na rungume ki. Lawali ya yi ta surutu tun daga Rawayya har gida bai huta ba, labarin wanda ya yi sabon aure da wanda akuya ta cinye wa hula, ya kuma ce shanunsa sun fi motar da ta kawo mu sauri. Ta cikin mayafin nake jin ƙamshi yana shigowa, na ganyen gyaɗa da aka tuge, da hayaƙin kara, da wani ɗanye-ɗanye na zangarniya da rana ta dafa. Ban so ba, amma yawuna ya tsinke.

A gida na ga abin da Lawali ya faɗa ba ƙari. Ta kan katanga ana jin luguden maƙwabta da ƙamshin sabuwar fura, a namu tsakar gidan kuwa turmi a kife yake. Gwaggo ta rungume ni tana kuka tana zagina wai na rame. Inna ta amsa gaisuwata tana tsince tafasa ba ta ɗago ba, amma ta karɓe ki ta daɗe tana shinshinar kanki. Baba ban gan shi ba. An ce da ya ji mun iso ya ɗauki magirbi ya fita, bai dawo ba sai da aka kira magariba, ya yi alwala ya wuce masallaci. Gwaggo ta zaro wuƙar daga jinkar ɗakinta ta sa mini a hannu.

“Gobe da hantsi,” ta ce. “Ko ke ko Jamila, mu dai mu ci.”

Washegari muka fita, ni da ke a bayana, da Jamila, da ƙannena, Gwaggo kuma a kan amalanken Lawali. Idona a ƙasa yake duk tafiyar. Da muka kai bakin gona Jamila ta tsaya cak ta ce, “Yaya, ɗago ki gani.”

Na ɗago. Daga inda muke tsaye har gindin gawo an sare geron, an buɗe hanya miƙaƙƙiya, faɗinta ya isa amalanke biyu su gifta juna ba su gogu ba. An kwantar da karan gefe da gefe a tsare. Sama a buɗe take, rana na zuba a kan ƙasar. Can ƙarshen hanyar ga gawo ya yi sabon ganye shar, a gindinsa ga geron da ya ƙosa an bar shi tsaye, ga Baba zaune a kan saiwa ya ba mu baya. Na sunkuya na ɗauki zangarniya ɗaya daga cikin wanda aka sare, na matsa da farce, sai farin ruwa ya fito. Bai ƙosa ba. Ni ɗiyar manomi ce, na san abin da hakan ke nufi: duk wannan ba zai shiga rumbu ba, sai dai dabbobi.

“Jiya na taras da shi yana yi,” in ji Lawali. “Na ce Kawu, wanga gero saura kaɗan ya ƙosa. Ya ce hanyar amalanke yake so. Na ce amalanke ai tun kakanninmu ta gefe take bi. Ya ce to, bana ta tsakiya za ta bi. Na ce kawo in taya ka, ya ce in tahi in ba shanuna ruwa.”

Na tsaya da wuƙa a hannu. Wannan mutum gidansa na cin tafasa, ya sa magirbi a geronsa ɗanye, shi kaɗai, a tsakar rana, kuma ko da wasa ba zai taɓa cewa don ni ya yi ba. Jamila ta miƙo hannu, ta kuma janye, ta sake miƙowa.

“Yaya, in za ki ba ni ki ba ni, in ba za ki ba ni ba ki tahi. Ni dai yunwa nike ji.”

Ban san lokacin da na gyara goyo ba. Na sa ƙafa. Na bi tsakiyar hanyar sosai, inda ko na miƙa hannu ba zan taɓa kara ba ta kowane gefe. Iska na kaɗa geron da ke tsaye, wannan sautin dai da na sani, amma ina ganin sama, ina ganin bayan rigar Baba da gumi ya jiƙa. Na yi nisa, na wuce rabi, sai ƙarar babur ta taso daga wajen hanyar gari. Na durƙushe a tsakiyar hanya, hannuna ya kai baya yana neman bakinki. Ba na iya gaba, ba na iya baya. Sai na ji muryar Baba, da ƙarfi, ko juyowa bai yi ba.

“Lawali, wancan babur na mai kifi ne. Na san kukansa. Kullum war haka yake wucewa, kuma kifinsa ba shi da kyau.”

“Awo, Kawu,” Lawali ya amsa daga baya. “Na jiya ma ya kwana.”

Ƙarar ta yi nisa ta ɓace. Kika yi atishawa a bayana. Na dafa ƙasa na miƙe, na ci gaba har na shiga inuwar gawo. Geron wurin ba a taɓa shi ba, dole in kutsa ciki kaɗan. Zangarniyoyin sun yi kauri sun sunkuyo, ƙwaya ta cika su har ta tura waje, tsuntsaye sun ɗan tsattsage bakin wasu. Na ce bismillahi na shiga, ganye ya shafi fuskata, na kama ta farko na yanke. Da na yanke ta biyu sai hannuna ya tuna aikinsa. Na fito da runguma guda, ƙaiƙayi har wuya.

Lawali ya koro amalanke ta tsakiyar hanyar, Gwaggo a kai tana guɗa ƙasa-ƙasa, yana cewa kun gani, Kawu ya yi gaskiya, nan ta fi daɗin bi. Ƙannena suka tara busassun rassan gawo aka hura wuta. Na riƙa juya zangarniya a kan harshen wutar, tana ƙara ƙas-ƙas, ƙamshin ya tashi. Wallahi ban san abin da zan kwatanta miki ƙamshin tumu da shi ba, sai kin ji da kanki. Hankalina bai gama dawowa ba, ta farkon ta yi baƙi a gefe guda. Na murje ta a faifai, na hure, na durƙusa na miƙa wa Baba ina kallon ƙasa. Ya karɓa yana kallon gawo. Ya watsa a baki ya daɗe yana taunawa.

“Hassi, ɗiyarki ta ƙona tumu.”

“To ba ni in ba ka so.”

Bai ba ta ba. Ya cinye tas, ya karkaɗe faifan a tafinsa ya lashe, ya miƙo shi ta gefe a ƙara mishi. Daga nan kowa ya faɗa wa wutar. Jamila na ci tana hure yatsu, ƙannena bakinsu ya yi baƙi, Lawali ya ce shi bawa ne a ba shi ƙonanne, aka ba shi, ya ce ai da wasa yake. Na tauna kaɗan na sa miki a baki, kika yamutsa fuska, kika haɗiye, kika buɗe baki. A nan na yi dariya, ta farko tun tsakiyar damina, har ta koma kuka, ta sake komawa dariya. Kafin azahar turmin gidanmu ya tashi tsaye. Jumma, Bafulatanar da ke kawo mana nono tun ina yarinya, wadda su ma mutanen daji, masu baburan nan, suka kore musu rabin garke, tana jin lugude ta shigo da ƙwaryarta ta ce ai tun kwanaki take kasa kunne. Inna ta dama furar sabon gero, ta turo mini babban kwano da ƙafa tana kallon kaji.

Na zo da niyyar kwana ɗaya, sai da na ga ƙarshen kaka. Babanki yana zuwa ranar Juma'a ya koma da gyaɗa a buhu. A wannan zaman na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da na yi ina yankan tumu. A kaka ƙasa buɗewa take yi. Aka sare gero aka yi sankace, aka kwantar da shi jere-jere yana bushewa, sai na wayi gari ina hango rijiyar bayan gari daga ƙofar gida. Aka yanke kai aka ɗaure dammuna, aka tuge gyaɗa, aka roro wake, kullum ido na ƙara nisa. Ranar da dawa ta faɗi na hango hasumiyar masallacin wani ƙauye da na manta yana nan. Kowace gona da aka kwantar sai in ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Rufin ɗakuna ya yi ja da barkono, kabewa ta yi zaune a kan danga kamar baƙuwa, muna yanka kuɓewa muna shanyawa, muna ɓarar gyaɗa rabi a kwano rabi a baki. Yara na kamo fara a soya da yaji. Jamila ta koya miki tafi da waƙar sussuka. Hannuwana suka yi kanta, na yi baƙi, na yi ƙiba, Gwaggo ta daina zagina.

Ba zan ce miki tsoro ya tafi ba. Maza a ƙungiya suke zuwa gona, su dawo tun rana na sama. Ranar da tayar wata mota ta fashe a hanya, a ƙarƙashin gadon Gwaggo aka same ni da ke. Har yau da na dawo Damba ina zagayawa ta bayan masallaci, ko da yake an cire masarar. Amma ina da wannan kakar, ba wanda zai karɓe mini ita.

Hanyar kuwa an biya kuɗinta da hatsi. Da aka gama ɗaura aka fitar da zakka aka zuba a rumbu, bai kai inda yake kaiwa ba, ko yaro ya leƙa zai gani. Shanun Lawali su suka ci geron da aka sare, suka yi sheƙi, yana ta yi mini godiya. Na san kafin wata damina akwai ranakun da Inna za ta ɗora tukunya sau ɗaya saboda hanyar nan. A ƙofar masallaci an yi ta magana, wasu sun ce tsufa ne ya fara kama Baba.

Ranar da za mu koma, na mayar wa Gwaggo wuƙar ta soke a jinka. Lawali ya ɗaura shanu. Na je na durƙusa a bakin zaure inda Baba ke zaune yana gyaran igiya, na yi sallama. Gwaggo na tsaye a bayana da sandarta. Bai ɗago ba.

“Hassi, tambayi ɗiyarki. Baɗi in Allah ya kai mu, in sare ko in bari?”

Na so in ce ya bari. Na buɗe baki, na tuna sautin ganyen nan, na san in na faɗa ƙarya na yi.

“Gwaggo, ki ce mishi ya sare. Amma faɗin mutum ɗaya ya isa.”

Gwaggo ta maimaita mishi kalma da kalma, kamar bai ji ba. Baba ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta, ya gyaɗa kai.

“Ce mata na ji. Amalanke ta koma ta gefe.”